Gonar da ta ragu a cikin kwamfuta

Ranar Juma'a ce bayan cin abincin rana, a ofishinmu na Cairns, kuma Marnie Vella ta kasa zama a kujerarta. Ni da ita muke kula da rumbun bayanan manoman rake. Akwai wata ƙaramar manhaja da muka maƙala wa rumbun, ita ke auna girman kowace gona. A da tana ɗauke da laburarenta na lissafi a cikinta, wato tarin shiryayyun umarnin kwamfuta da take awon da su. Yanzu Marnie ta sauya saitin haɗa ta, don ta riƙa amfani da laburaren da ke kan babbar na'ura, wanda sauran manhajoji ke ɗiba.

A kwamfutarta komai ya tafi daidai. A na'urar gwaji kuwa rumbun ya ƙi karɓar manhajar, ya ce bai ga laburaren ba. Ta gyara hanyar da ake bi a nemo shi, ta sake haɗawa. Ta je ta dafa kofi, ta manta shi a kicin. Ta dawo ta tsaya a bayana tana kaɗa ƙafa, har na ce ta zauna kafin ta huda mana ƙasa.

Can sai gwajin ya wuce. Shugabanmu Fergus ya leƙo da makullin mota a hannu, ya ce tunda ya wuce a saki manhajar yau a fara aiki da ita, yankan rake ya kusa.

Marnie ta buɗe sakamakon gwajin. Gonar mahaifinta ta Innisfail take sawa a kowane gwaji, don ta san ta tun tana yarinya. Ta ƙura wa allon ido.

"Gonar Baba ta ragu," in ji ta.

Ragin kaɗan ne, gwajin ma bai kama shi ba. Fergus ya yi dariya ya ce ai ko layin rake biyu bai kai ba. Ta ce layi biyu a gona guda, amma gonaki nawa ke cikin rumbun? Ya ajiye makullin.

Muka bi sawu har muka gano laburaren babbar na'urar tsoho ne, yana auna lanƙwasar gaɓar rafin da ke iyakar gonar daban da sabon. Marnie ta sa sharaɗi a saitin: in ba sabon ba ne, haɗawar ta tsaya. Muka ɗage sakin zuwa Litinin.

Ko a hanyar fita ba ta natsu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa tana tambayata ko na tabbata na'urar ofishinmu na Townsville ma tsohon laburaren take da shi. Na ce ban duba ba. Ta koma ciki.