Kwarangwal Mai Sanin Ya Kamata

Shekara goma sha ɗaya ke nan, duk ƙarshen watan Oktoba, Orval Dunning yakan jawo akwatin gawa daga gareji ya ajiye a gaban gidansa tsakanin kabewa biyu da aka yanka wa ido da baki. A cikin akwatin akwai Kawu Hobart, wani kwarangwal na roba da ya tsinta a gwanjon kayan wani mamaci. Idan mutum ya matso, sai murfin ya buɗe, Kawu ya tashi zaune, idanunsa su yi ja wur, ya saki wata dariya kamar ta mai tarin fuka.

Wannan kaɗai ba abin labari ba ne. A garinsu da ke jihar Ohio ta Amurka kowane gida da irin dodonsa ranar Halowin, bikin da yara ke yin shigar ban mamaki suna bin gida-gida karɓar alewa. Abin da ya fitar da Kawu daban shi ne, yana zaɓen wanda zai tsorata. Idan 'yar ƙaramar yarinya ce ta taho riƙe da hannun uwarta, Kawu sai ya yi lamo kamar ba ya nan. Haka mace mai ciki, haka tsohuwar da aka yi wa aikin zuciya. Amma bari samarin nan masu ji da kai su taho suna tafiyar ƙasaita, kafin su ankara Kawu ya zabura, sai ka ga ƙato ya watsar da buhun alewarsa ya tsallake shinge.

Orval bai yi nisa a makaranta ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu, kuma karatunsa duka na abubuwan al'ajabi ne: ɗan maraƙi mai kai biyu, garin da aka yi ruwan kwaɗi, mutumin da tsawa ta faɗa wa sau bakwai bai mutu ba. Saboda haka bai sha wahalar samun bayani ba. Mamacin da ya mallaki kwarangwal ɗin malamin firamare ne, to wani abu na halinsa ya maƙale a jikin robar. Haka Orval yake gaya wa iyayen yara duk shekara, yana tsaye a baranda cikin baƙar alkyabba, da kwanon alewa a hannu.

Bana matarsa Maxine ba ta gida. 'Yarsu ta haihu a Oregon, ta tafi zaman jego. Ranar da za ta tafi, tana rufe jaka ta ce, "Tsoho, ka bar Hobart ya huta bana mana."

"Ya huta? Me ya yi duk shekara in ba hutu ba?"

"Ni dai na gaya maka."

"Ke naki ai zama ne a taga kina saƙa. Ni da Kawu mun san aikinmu."

Wannan maganar bai tsaya ga Maxine ba. Ya maimaita ta a shagon shan kofi, ya maimaita ta a bakin coci, har ya ƙara da cewa bana ma Kawu zai fi kowace shekara kuzari tunda babu mai yi musu mita.

Ranar bikin da hantsi ya jawo akwatin, ya jona filogi, ya ja da baya, ya taho yana taku. Kawu bai motsa ba. Ya sake. Shiru. Yara kuwa ƙarfe biyar da rabi za su fara fitowa.

Ya sauya batir ɗin idanu. Ya canja soket. Ya goge ɗan idon nan na gilashi da ke gaban akwatin, wanda ke ganin motsi, da bakin rigarsa, ya hura masa iska, ya sake gogewa. Ya ɗaga murfin ya duba igiyar da ke jawo Kawu, ya tarar lafiyarta lau. Ya ɗiga mai a duk inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Sannan wani tunani ya zo masa, ya durƙusa ya rarrafo gaban akwatin kamar ɗan shekara biyu. Kawu bai tashi ba. Orval ya ji daɗi, ya ce a ransa to ko ba komai rabin aikin yana nan.

Yana ƙoƙarin miƙewa gwiwarsa ta yi ƙara, sai wani tunanin ya biyo baya, mai ɗaci. Kada dai Kawu ya dube shi ne ya ga ya shiga sahun waɗanda ake tausaya wa? Ya juya hularsa baya, ya zazzago wandonsa ƙasa kaɗan, ya taho yana rangaji yana murguɗa kafaɗa irin ta samari.

"Motar asibiti zan kira ko fasto?"

Lyle Petrak ne, maƙwabcinsa, tsohon mai gyaran lantarki, yana jingine da shinge da kofin kofi a hannu.

"Gwaji nake yi," in ji Orval, yana jan wandonsa sama.

"Na gani. Har karena ya shige ƙarƙashin gado."

"Kai da ka ce ka yi shekara arba'in kana harkar wuta, zo ka duba mana, maimakon ka tsaya kamar turken waya."

Lyle ya kurɓi kofi. "Mutumina, kira Maxine."

"Me Maxine ta sani a kan wannan? Ko ƙwan fitila ba ta taɓa sauyawa ba."

"Ni dai da ni ne, da na kira ta."

"Da kai ne ai da ba ka da kwarangwal. Kabewarka ma ko baki ba ka iya yanka mata ba, kullum kamar tana ciwon haƙori."

Lyle ya shigo ya zauna a gefen akwatin, ya ce shi kallo ya zo yi.

Azahar ta wuce. Orval ya ɗauko sukudireba ya kwance ɗan idon gaba ɗaya. Abin da ya gani ya sa ya cire tabarau ya goge ya mayar. Wayar idon a yanke take. Ba ɓera ba ne, don ɓera ba ya naɗe bakin waya da salatif tsaf-tsaf haka, kuma salatif ɗin ya tsufa har ya bushe. A madadinta an jona wata siririyar waya ruwan ƙasa, ta bi ta wani ɗan rami a gindin akwatin, ta ƙare da ɗan ƙaramin filogi yana reto.

"Lyle, dubi nan. Wani ya yi wa Kawu ɓarna."

"Ikon Allah," in ji Lyle, yana kallon sama.

Filogi ba ya zama shi kaɗai, dole akwai abokinsa. Orval ya shiga tone ganyayen da suka zube, yana lalube. A ƙarƙashin tukunyar furen da Maxine ba ta yarda kowa ya taɓa, ya sami ɗaya bakin. Nan ya tuna cewa duk shekara, da ya gama ajiye akwatin, Maxine takan fito ta ce bari ta gyara zaman kabewa, ta tura shi ciki ya duba miyar wake a kan wuta.

Ya jona su biyun. Sannan ya bi wayar. Ta shige ƙarƙashin katakon baranda, ya kwanta rub da ciki da tocila ya ga inda ta hau. Ta ɓulla ta wani ɗan huji a gindin tagar falo. Ya shiga gida, ya ɗaga bakin kafet, ga ta nan ta miƙe ɗoɗar zuwa kujerar Maxine, ta hau cikin kwandon saƙarta. Ya tura hannu ƙarƙashin zare, ya fito da wani maɓalli irin na ƙararrawar ƙofa, wanda tsakiyarsa ta goge saboda dannawa.

Ya danna.

Daga waje ya ji murfi ya buɗe, ya ji dariyar tarin fuka, ya ji kofi ya fashe, ya ji Lyle ya ambaci wata kalma da ba a faɗa a gaban yara.

Orval ya daɗe zaune a kujerar kafin ya ɗauki waya.

"Ka ci abinci?" in ji Maxine. Ana jin kukan jariri a bayanta.

"Ina zaune a kujerarki."

Can ta ce, "To. Ka mayar min da zarena yadda ka same shi."

"Tun yaushe?"

"Ka tuna shekarar farko? 'Yar gidan Alvarez, wadda ta yi shigar ƙudan zuma, shekararta uku. Hobart ya zabura mata, ta jiƙe wandonta, mako biyu ba ta yi barcin kirki ba. Kai kana can kana ta murna abinka yana aiki. Washegari na kira Lyle ya yanke idon."

"Lyle!"

"To wa zan kira, kai?"

"Shekara goma ina gaya wa mutane ruhun malamin firamare ne."

"Ni ma ai na koyar a firamare, tsoho. Ba ka yi ƙarya da yawa ba."

"Wa da wa suka sani?"

"Ba yawa. Lyle. Matarsa. Fasto. Mutanen shagon kofi. Yaran da suka wuce shekara goma, don sukan ɗago min hannu ta taga."

Orval ya runtse ido. Shekara talatin da huɗu yana yawo da wasiƙun garin nan, yana taƙama babu gidan da bai san sirrinsa ba. Ashe akwai gida ɗaya.

"Me ya hana ki gaya min?"

"Ka taɓa ganin fuskarka in kana ba da labarin? Ni ban iya ba." Jaririn ya ƙara ƙarfin kuka. "Ka ga, ko ka zare filogin ka ce ya lalace, ko ka zauna ka yi aikin. Amma ba a yin biyu, tsayuwa a baranda da zama a taga. Kuma kada ka kuskura ka danna wa duk mai shigar ƙudan zuma."

Ya ajiye wayar. Agogon bango ya nuna biyar saura kwata. Ya yi tunanin zare filogin. Ya ma tsara abin da zai ce: Kawu yana kewar Maxine, ya ƙi tashi. Da ya juya maganar a bakinsa sai ya ga ita ce gaskiya mafi tsabta da ya taɓa faɗa a kan kwarangwal ɗin, kuma duk garin zai yi masa dariya a kanta.

Ya fita da alkyabba da kwanon alewa, ya danƙa wa Lyle, wanda ke goge kofi daga wandonsa.

"Sa wannan. Kowane yaro biyu-biyu, ban da kai."

"Ba ka yi fushi ba?"

"Na yi. Ba ni da lokaci ne kawai."

Aikin ya fi yadda ya zata wuya. Ta tsakanin labule ba a ganin komai sai rabin hanya, kuma yaran duk sun rufe fuska. Samarin farko da suka zo, Orval ya tsaya tantama har suka karɓi alewa suka fice, sannan ya danna. Kawu ya tashi ya yi wa fili dariya shi kaɗai. Wani dogo ya taho cikin farin mayafi, yatsan Orval ya kai kan maɓalli, sai ya lura da takalmin, ashe uba ne ya goyo ƙaramin ɗansa a wuya. Ya janye hannu da sauri. Daga nan ya gane dabarar: takalma ake dubawa. Kafin rana ta faɗi ya sa 'yan ƙwallon makarantar sakandare uku sun yi karo da juna a bakin shinge. Ɗaya daga cikinsu, da ya dawo tsintar alewarsa, ya ɗago hannu wajen taga, ya tsaya, ya ƙura ido, sannan ya sara wa Orval kamar soja.

Wajen ƙarfe bakwai wasu baƙi da suka tare a titin kwanan nan suka zo da tagwayensu. Kawu ya kwanta lamo. Uban ya tambayi Lyle yadda aka yi abin bai tashi ba, alhali ya ga ya kori wani ƙato ɗazu. Lyle ya gyara alkyabba, ya sassauta murya, ya ɗaga yatsa sama daidai yadda Orval yake yi.

"Ai wani malamin firamare ne ya mallake shi. Ka san hali ba ya mutuwa, yakan maƙale a jikin abu."

Orval bai taɓa jin maganar daga bakin wani ba. Kunnuwansa suka yi zafi. Amma mutumin bai yi dariya ba, ya dubi akwatin ya gyaɗa kai a hankali, har ya ɗan matsa da 'ya'yansa baya.

Da suka tafi, Lyle ya waiga hagu da dama, ya zari alewa ɗaya daga kwanon. Ta suɓuce masa ta faɗi a gindin akwatin. Ya sunkuya, ƙeyarsa daidai murfin. Orval ya ɗora yatsa a kan maɓalli.

Bayan minti goma waya ta yi ƙara.

"Nawa ka sa kuka?" in ji Maxine.

"Ɗaya tak."

"Orval! Ɗan shekara nawa?"

"Saba'in da ɗaya," in ji shi, yana gyara zama a kujerarta. "Ki ce min, baɗi za mu riƙa karɓa-karɓa ne, ko in sayo tawa kujerar?"