Notin Madubi

Ranar da Injiniya ta koma aiki bayan rasuwar mijinta, ta tarar an lulluɓe teburinsu da leda. Tare suke aiki a ɗakin gwajin nan, a kan wasu ƙananan fitilun leza masu siririn haske da aka jera a guntun ƙarfe wanda bai kai farce ba. Gaban fitilun akwai madubi mai mayar musu da ɗan haskensu. In abin da ya dawo ya yi daidai, sai su haɗa kai su ba da haske ɗaya. In ya ɗan zarce, kowace ta kama gabanta, layin da ke allon kwamfuta ya yi ta tsalle. Ana gobe za a kwantar da shi a asibiti marigayin ya samo daidaiton.

Dogo, abokin aikinsu, ya taso yana goge hannu a riga.

"Yaya, ba wanda ya taɓa shi. Ko mai shara ban bari ta matso nan ba."

"Sannu da ƙoƙari," ta ce.

Ta yaye ledar, ta sa tabarau na kare ido, ta kunna. Layin ya fito a miƙe tsaf, yadda ya bar shi. Ta daɗe tana kallo, tana jiran ta ji wani abu a ƙirjinta. Ba komai, sai ƙarar fanka da sanyin ɗakin a yatsunta.

Abin da ya rage a aikin shi ne a gano inda daidaiton ke rushewa. Ta kai hannu kan notin da ke juya madubin.

"Yaya, in kika murɗa, ba lalle mu sake samunsa ba fa."

"To mu zauna gadinsa ke nan?"

Ta murɗa kaɗan. Layin ya fara rawa, ya rabu biyu, can ya hargitse gaba ɗaya. Dogo ya juya baya yana share ido. Ta ce ya karanto mata zafin na'urar. Ya karanto, ta shigar a kwamfuta, ta ƙara murɗawa. Haka suka yi har aka tashi.

A ƙofar makaranta 'yarta ta miƙo mata jaka, ta leƙa fuskarta.

"Mama, kin yi kuka a wurin aiki?"

"A'a."

"Ni ma ban yi ba."

Suka tsaya gefen titi suna jiran mota. Ta farko ta zo a cike, suka bar ta ta wuce.