Rissa Ya Warke

Ni Tabawa, na daɗe ina sayar da tuwo a tashar Tanut, amma ban taɓa ganin warkewar da ta ba ni haushi irin ta Rissa ba.

Rissa makiyayi ne daga wajen Belbeji. Ƙwayar Tramol ta cinye masa awaki, ta fara taɓa raƙuman gidansu, sai wansa Hamidu ya sako shi a mota ya kawo shi wani gidan jinyar 'yan ƙwaya a nan garin. Ya samu ɗaki da katifa da abinci. Cikin 'yan watanni ya yi kumatu, har salla ya koma yi a kan lokaci.

Ranar sallama lokotoro, wato likitan gidan, ya dafa shi ya ce, "Ka warke. Koma gida cikin danginka. Kuma kada ka kuskura ka zauna a tasha, can masu ƙwaya suke."

Shawara kam ta yi. Sai dai shi lokotoro gidansa na siminti ne, inda ya bar shi da safe nan yake tarar da shi da yamma. Rissa ya je mashekarinsu ya iske duwatsun murhu da kashin raƙuma. Ruwa ya sauka, sun kwashe bukkoki sun yi arewa, ko saƙo ba su bari a bakin rijiya ba.

Ya dawo ya buga ƙofar gidan jinyar. Maigadi ya leƙo.

"Ka sake sha ne?"

"Wallahi ban sha ba."

"To madalla! Ai gadon na marasa lafiya ne, ɗan'uwa. In ka sha, sai mu karɓe ka."

Kai, jama'a! Da la'asar ya zo wurina, idonsa ya yi ja. Na zuba masa tuwo, iyakar abin da zan iya ke nan, ɗaki ɗaya gare ni da 'yan mata uku.

Sai ga Ɗan Azumi, wanda duk tasha ta san abin da ke ƙarƙashin teburin alewarsa. Ya rungume shi, ya shimfiɗa masa tabarma a rumfarsa.

"Zauna, Rissa. Ina raye ba za ka kwana a titi ba."

Wallahi kamar in watsa masa miya. Amma duk faɗin Tanut shi kaɗai ya ba shi wuri, da wane baki zan yi magana?

Rissa yana can har yau, kansa dab da kwalin ƙwayar da ke ƙarƙashin teburin. Ko ƙwaya ɗaya Ɗan Azumi bai tallata masa ba. Ba ya sauri.