Kaset ɗin Zagorka

"Ba ta ganin kowa," na ce wa yarinyar, na tare ƙofa da sandata. "Asibiti ma sun sallamo ta ne don ta mutu a gadonta."

Ta ce sunanta Tijana, ɗaliba ce, saura kwana tara ta kare aikinta a gaban malamai. Tana neman wani kaset na matan ƙauyensu suna waƙar makoki, ƙauyen da ruwan dam ya cinye. Ta duba kwamfutar ɗakin karatu, babu. An ce mata Zagorka kaɗai ta san inda yake.

Shekara talatin maƙwabciyata Zagorka tana riƙe da ɗakin kaset na jami'a. Ni direban jirgin ƙasa ne, aji huɗu na yi, ban taɓa gane aikin ba. Na dai san ɗalibai na hawo mana bene ko ranar Lahadi, ta ba su gahawa, ta ce su je kanta kaza a ɗakin kaset.

"Kawu Radoje, minti ɗaya kawai," in ji Tijana.

"Kawunki yana gidanku. Kunya ado ce, 'yar nan."

Ta sauka, amma Zagorka ta ji mu. Da na koma ciki ta damƙe hannuna tana cewa, "Kogin Timok. A bi shi sama. A wuce gada, na uku a hagu."

Na ɗauka tafiyar ce ta zo, don na sha jin masu mutuwa na ambaton kogi. Na sa mata kyandir a hannu kamar yadda muke yi wa mai barin duniya, ta ture shi. Na ce ta yi shiru, kowa zai haye. Ta dube ni kamar yadda ake duban jaki, ta sake cewa Timok. Da azahar ta cika.

A wajen jana'iza, muna cin dafaffiyar alkama, wata abokiyar aikinta ta ce ai Zagorka ba da lamba take jera kaset ba. Kowace kanta kogi ce, ƙauyuka na bin juna daga bakin ruwa zuwa mafarinsa. Rashin sani ya fi dare duhu. Cokali ya tsaya mini a hannu.

Washegari na sa kwat ɗina na tafi jami'ar, karo na farko a rayuwata. Na sami Tijana a ɗakin ƙasa, na faɗa mata abin da na ji.

"Wace gada, Kawu? Timok gadoji ne da shi birjik. Na uku ta ce, ko na huɗu?"

Jiya na tabbata, yau ban sani ba.

Saura mata kwana shida. Ta sauko da kaset na kantar Timok gaba ɗaya, sun fi ɗari, ta jawo mini kujera. Ta saka na farko. Wasu mutane da ba mu sani ba suka fito a allon talabijin suna yankan ciyawa, babu sauti.