Taku Goma Sha Ɗaya Tsakanin Bututu da Rami

A sara na huɗu digar ta nutse ba tare da ƙara ba, kamar an soka yatsa cikin ruɓaɓɓen tumatir. Kawu ya zare ta, baƙin ruwa ya biyo bakinta yana tsattsafowa a hankali, sannan warin ya taso. Manaja ta ja gefen gyalenta ta toshe hanci. Bai yi amfani ba. Irin warin nan ne da ake ji har a kan harshe.

Manaja ita ce mai kula da ginin sabon sashen haihuwa na asibitin. Ba ta ɗora bulo, ba ta jan waya. Aikinta shi ne ta haɗa magini da mai wuta da mai daɓe da mai famfo, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake yi. Mai famfon kuwa shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyarta, ita ta kawo shi aikin. Gobe da safe za a miƙa ginin, yau kuma ake jiran sa hannunta a takardar rufe aiki. Sai dai sati uku ke nan da aka fara kwantar da mata a ciki, don tsohon sashen ya cika.

"Tun Talata nake faɗa muku," in ji Sista, shugabar sashen, daga tagar da ke samansu. "Jarirai goma sha tara aka haifa a ɗakin nan. Kowannensu da wannan ya fara shaƙar duniya. Wata mai jego ta tambaye ni ko mutuware ce a bayanmu."

Ta ja tagar ta rufe da ƙarfi.

Wurin da suke tona yana gindin janareta. Abin mamaki, duk harabar nan a bushe take, amma nan ciyawa ta yi kore shar, har da wani tsiro mai faffaɗan ganye da babu wanda ya san sunansa. Kwanaki ma'aikata suna wucewa suna yaba shi. Mai shara ma ya kewaye shi da duwatsu don kada a taka.

Kawu ya ci gaba da shebur har bakin bututun ya bayyana. An toshe shi da buhun siminti, buhun ya fashe, abin da ke ciki ya yi wa kansa ɗaki a cikin ƙasa. Tsutsotsi farare suna juyi a ciki ba gaggawa, kamar masu gida.

"Ga shi nan, 'yata. Daidai inda zane ya ce." Ya laluba aljihu da tsaftataccen hannunsa ya fito da zanen, wanda ninki ya sa ya yi laushi kamar tsumma. "Na kawo bututu har turken da aka kafa a wurin ramin masai, na toshe, na rufe, na ce in an haƙa sai a kira ni in haɗa. Ba a kira ni ba, na ɗauka magini ya haɗa da kansa. To ina ramin?"

Manaja ta san inda yake. Ta juya ta taka, Kawu na biye da ita, bakinsa na motsi yana ƙirgawa. Taku goma sha ɗaya. Suka kama murfin tare suka ɗaga.

Ramin masai ne mai kyan gaske. An shafe shi sumul, a bushe yake ƙarau, yana ƙanshin sabon siminti. A jikin bango akwai ƙofar bututu, zagayayya, ba komai a bayanta sai jar ƙasa. Wata tsaka ce kaɗai a ciki, ta yi fari fat don rashin rana, ta ɗaga kai tana kallonsu kamar sun shigo mata ba sallama.

"Kai!" Muryar Kawu ta faɗa ciki ta dawo. "Wannan ai ya fi ɗakina. Wa ya kawo shi nan?"

Wata takwas da suka wuce ne, a kan matakala. Darakta, shugaban asibitin, yana saukowa, waya a kunnensa, ya yi mata nuni ta taga da mukullin mota: "Ku matsar da ramin can gaba, janareta zan sa a nan." Manaja ta buga wa magini waya a take. Akwai takarda da aka yi domin irin wannan, takardar neman canji. A cike ta, kwamiti ya duba abin da canjin zai taɓa, a gyara zane, a sanar da kowa. Amma Darakta ba ya son a bi shi da biro kan maganar da ya faɗa da baki. Kawu kuma a lokacin ya gama nasa ya tafi wani aiki. Ta ce za ta gaya masa ranar Juma'a a gidan mahaifiyarta. Ranar Juma'ar sun yi hirar ciwon gwiwarsa da tsadar taya har ta tashi.

"Ni na gaya wa magini," ta ce.

"Ni kuma fa?"

Kawu ya dube ta, ya dubi ramin, ya mayar da murfin a hankali.

Darakta ya iso da hankici a hanci. Ya tsaya can nesa, ta inda iska ke tahowa, ya yafito ta da yatsa.

"Mene ne wannan ƙazantar?"

Ta gaya masa duka, har da matakalar.

"Ni na ce a matsar da rami? A rubuce?"

"Da baki, ranka ya daɗe."

"To ban tuna ba." Ya sauya wa hankicin ninki. "Ki saurare ni. Magini yana da takardar kammalawa, mai daɓe yana da tasa, mai wuta ma haka. Kowa ya yi aikinsa. Ki rufe aikin yau. A shafin darussan da aka koya ki rubuta cewa mai famfo bai dawo ya duba mahaɗa ba. Jibi mu buɗe sabon aiki, gyaran magudana, da takardar kafa shi, ke ce ma manajarsa."

"Yallaɓai, in na rubuta haka sunansa zai shiga jerin waɗanda ba a sake ba su aiki."

"Tsoho ne, ya huta mana. Ba kawunki ba ne? Gara ma na gida, ba zai kai ki ƙara ba. Ƙarfe huɗu nake son takardar a teburina."

Ya juya yana ɗaga ƙafar wando, ko da yake inda ya taka a bushe yake.

Kawu ya ji komai, don Darakta ba ya rage murya saboda masu shebur. Yana zaune a kan bulo a bakin inda suka tona, yana zura doguwar safar hannu ta roba.

"Ki rubuta ni kawai, 'yata."

"Kawu..."

"Ke, ji mana. Shekara nawa ta rage min ina durƙuso a bayan gidan mutane? Ke kina da yara a makaranta. In uwarki ta ji an kore ki a kan kashi, ni za ta hana shiga gidanta." Ya yi dariya. "Dama tun kina ƙarama ni nake wanke miki. Wannan dai ya fi yawa ne."

A nan ne abin ya same ta. Ta ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinta, sanyin wanda aka sauke wa kaya. Daɗi ta ji. Kafin ta hana kanta har ta fara jera jimlar a zuci: mai famfo bai dawo ya duba mahaɗa ba. Jimlar ta zauna daram. Sai ta ji ƙyamar kanta fiye da ta warin, ta ja da baya da sauri, gefen ramin da aka tona ya zabtare, ƙafarta ta hagu ta nutse har idon sawu.

Da ɗumi abin yake. Wannan ne ba ta zata ba.

"Ga famfo can," in ji Kawu. "Shi dai yana aiki, ni na sa shi."

Ba ta je famfon ba. Ta wuce ofishinta, takalmin yana tsotsar ƙafarta a kowane taku. A bangon ofishin akwai hoton da aka ba su a kwas, akwatuna masu launi tun daga kafa aiki har rufe shi, kibiyoyi na fita daga kowanne suna shiga na gaba. Ta daɗe tana son hoton nan. A cikinsa babu kibiyar da ta tsaya a hanya.

Takardar rufe aiki tana kan tebur. Ta ture ta gefe, ta buɗe durowar ƙasa. Takardun neman canji suna nan cikin ledarsu, ko ɓare ta ba a yi ba. Ta yage ledar da haƙori ta zaro ɗaya.

Abin da za a canza: wurin ramin masai. Ta sa kwanan watan yau, a gefe ta rubuta, an makara da wata takwas. Wanda ya nemi canji: Darakta, da baki, a kan matakala. Waɗanda canjin ya shafa: magini, mai famfo, mai daɓe. Takardar ba ta da gurbin wanda ya kasa sanarwa, sai ta ja layi da kanta a ƙasa ta rubuta sunanta, ta sa hannu.

Sakatariyar Darakta ta ji ta tun kafin ta gan ta.

"Innalillahi! Manaja, a haka za ki shiga? Jiya aka wanke kafet ɗin nan!"

Ta tura ƙofar. Ɗakin da sanyi, yana ƙanshin turaren feshi. Ta ajiye takardar a gabansa, ta ɗora biro a kai. Ya karanta layin farko, ya karanta na biyu, sannan hancinsa ya motsa, ya leƙa ƙarƙashin tebur.

"Ba wannan na ce ki kawo ba."

"Aikin ba ya rufuwa sai an sa hannu a wannan, ranka ya daɗe. Haka tsarin yake."

"Fita ki wanke ƙafarki tukuna, sannan mu yi magana."

"Ba na sauri, yallaɓai."

Ta jawo kujerar baƙi ta zauna, ta gyara gyalenta, ta miƙe ƙafar hagu a kan kafet.