Kwalaben Dokta

Tana buɗe firjin ɗakin gwaji ta tarar da lemon kwalba jere reras. Nata kwalaben kuwa ko ɗaya babu.

"Ina kayana?" ta tambayi mai shara.

"Oga ne ya ce a fitar, Dokta. Wai baƙi za su zo, a sanyaya musu abin sha. Kayanki suna cikin kwali bayan ƙofa tun jiya."

Ta leƙa. Kwalin na jingine da bango inda rana ke duka, ƙudaje sun yi masa caa.

Abin da ke cikin kwalaben ba na faɗa a gaban surukai ba ne: bayan gida ne na tsofaffin da suka shiga bincikenta. Wata da watanni tana lallashinsu, wasu su ci 'ya'yan itace haɗe da dusar hatsi, wasu ba dusa, don ta gano ko dusar na canza yadda ƙwayoyin hanji ke narka sinadarai masu bauri na cikin ɓawon 'ya'yan itacen, har jiki ya amfana. Yanzu zafi ya gama da komai.

Ta banka ƙofar shugaban sashe ba sallama.

"Ranka ya daɗe, ka kashe min aiki!"

Ko kai bai ɗaga ba. "Haba Dokta, kashi ne fa. Su sake yi mana, ai ba ya ƙarewa."

"Su sake? Ɗaya daga cikinsu ta rasu! Ka san yadda dattijo ke ji in ya miƙo wa 'yar cikinsa irin wannan abu?"

"Rage murya, baƙi na ɗakin taro. Binciken naki ma suka zo ji. Gyara fuska ki je ki nuna musu."

"In nuna musu?"

"Ƙwarai."

Ta koma ta sunkuci kwalin, ruwa na ɗiga a takalminta, ta shiga ta dire shi tsakiyar teburin baƙi.

"Ga binciken," ta ce. "Oga zai yi muku bayani."

Ta fita ta zauna a bakin matakala. Sannan ta kira mahaifinta, wanda shi ya fara shiga binciken don kada a yi mata dariya.

"Baba, gobe zan kawo dusa."

Ya ja numfashi.

"Kuma dai? To, ki taho da mai laushin, waccan ta ƙware ni."