Kyamarar Hanyar Kakangi

Mainasara, shugaban 'yan sintiri, ya miƙa wa Mai'unguwa waya yana huci. "Sau tara a yini, ranka ya daɗe, kullum ya nufi daji, ba hoton dawowa ko ɗaya. In ba ɓarauniyar hanya yake bi ba, ta ina yake komowa?"

Labaran ɗan acaba, wanda ake zargin, na tsugune, an ƙwace masa makullin babur. A garin nan in aka kira ka infoman 'yan bindiga, ko liman ne kai, taka ta ƙare.

Rachel, wadda ta karanto lantarki a Kaduna, ita ta kafa kyamarar a bakin hanyar Kakangi. Mainasara ne ya sa ta saita ta hoto ɗaya duk awa, wai don tattalin batir.

"Labaran, zuwa gona da dawowa minti nawa ne?" ta tambaya.

"Awa ɗaya cif, Anti. In ɗora buhun masara biyu, in juyo."

Ta dubi Mai'unguwa. "Baba, mai leƙa kasuwa ranar cinta kaɗai zai rantse kullum cike take. Abin da ke zagayowa duk awa, sai an ɗauke shi fiye da sau biyu a awar, in ba haka ba na'ura ta shara ƙarya. A ba shi gobe, a gwada."

"Hoto duk rabin awa ya isa, kada ki kashe mana batir," in ji Mainasara. "Ƙarfe nawa za ta fara ɗauka?"

Sai da ya yi tambayar nan sau biyu, ta kuwa tsaya wa Rachel a rai. Ta hau tsani ta saita minti bibbiyu, ta ja bakinta ta tsuke.

Washegari da la'asar aka sake haɗuwa. A hotunan, ga Labaran ya tafi wayam, ga shi ya dawo da masara. Ya fashe da kuka.

Rachel ta ci gaba da latsa wayar. Sha ɗaya da kwata, wani babur ya nufi daji da jarkokin fetur huɗu. Mahayin ya naɗe fuska, amma ya manta bai cire jar hular da duk gari ya sani ba.

Mainasara ya gyara zaman jar hularsa. "Batirin dai bai mutu ba ko?"

"Bai mutu ba, Shugaba," ta ce, ta miƙa wa Mai'unguwa wayar.